Malam Tokitoba a Motar Katagum

Ko da zan manta da ranar da na karɓi albashina na farko, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a cikin bazara ba, ranar da na shiga motar Katagum da takalmina sabo fil, na dawo Azare ba takalmi. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji tafin ƙafata yana zafi, kuma ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na sunkuyar da kai.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina sabon malamin Turanci a wata makarantar sakandare a Azare, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ina da kayan safari kala biyu, da suma da nake tajewa har ta yi tozo, da biro uku a aljihun gaba (ɗaya ne kaɗai yake rubutu, sauran biyun na kwarjini ne). A ganina a lokacin, babu abin da ke damun ƙasar Katagum illa rashin neman shawarata.

Cikin duk darussan da nake koyarwa akwai wanda ya fi shiga raina. Turawa suna da wasu kalmomin aikatau da ba sa tafiya su kaɗai, sai sun jawo wata 'yar ƙaramar kalma ta yi musu rakiya, kuma da zarar sun haɗu sai ma'anar ta sauya. Wadda na ɗauka na ɗora a ka ita ce talk over. Shi talk magana ce kawai, ko aku yana yin ta. Amma in aka ce mutane sun yi talk over a kan wani al'amari, to sun zauna ne sun baje shi a faifai, kowa ya faɗi abin da ke ransa, an duba gaba an duba baya, har an tsayar da shawara. Ba gardama ba ce, ba kuma hirar bakin titi ba ce. In an riga an san abin da ake magana a kai, sai a soka it a tsakiya, a ce let us talk it over, wato zo mu zauna mu tattauna shi. Haka nake rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, in ja masa layi biyu, in juyo in dubi ɗalibai kamar ni na ƙirƙiro shi.

Da a aji abin ya tsaya da sauƙi. In yara biyu suka yi faɗa a kan benci, tun kafin su gama huci na iso na ce let us talk it over. In waken kukun makaranta ya yi ruwa, let us talk it over. Har shugaban makaranta na taɓa gaya wa haka a taron malamai, ya cire tabarau ya dube ni ya mayar. Ba a daɗe ba yara suka raɗa mini Malam Tokitoba. Da sunan ya zo kunnena daɗi ma na ji, don na ɗauka alama ce darasi ya zauna.

Daga nan na gina wa kaina falsafa a kai. Na riƙa gaya wa abokaina cewa babbar cutarmu ita ce kewaye-kewaye. Kana da magana da mutum, maimakon ka same shi ku zauna, sai ka aiki kawunka, kawunka ya aiki amininsa, aminin ya jira sai an haɗu a wurin suna ko jana'iza, kafin maganar ta isa ta tsufa a hanya. Na ce da za mu riƙa zama ido da ido, da rabin shari'un da ke gaban alƙali ba su je ba. Abokaina sukan ce haka ne, su ci gaba da cin tsirensu.

To, a cikin wannan hali nake neman Dije. 'Yar Fulanin garin Katagum ce, amma a Azare ta tashi a hannun goggonta, don ita ce 'yar fari a gidansu. Wanda ya san Fulani ya san yadda suke da ɗan fari: tun yana ƙarami ake miƙa shi ga dangi, uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda ake zancensa, in ma an tambaye shi sai ya yi kamar bai san da shi ba. Kunya ce ke sa haka, ba ƙiyayya ba. Na san wannan sarai, don mu ma Hausawa muna da namu, amma na jera shi cikin abubuwan da boko zai yi maganinsu. Dije tana ajin ƙarshe a makarantar horon malamai mata, ga natsuwa, ga wata dariya ƙasa-ƙasa da take yi in na fara zuba Turanci. Ina sonta ƙwarai, ban taɓa tunanin auren wata ba ita ba.

Mahaifinta, Alhaji Buba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Sau ɗaya muka kusa haɗuwa. Ina tsaye a ƙofar gidan goggo da yamma ina jiran Dije ta fito, sai wata maƙwabciya ta ce ga Alhajin Katagum nan tafe. Nan take falsafata ta gudu ta bar ni. Na zube na tsuguna, na kafa ido a ƙasa kamar yadda kowane mai neman aure yake yi, na yi gaisuwa a maƙogwaro. Ya amsa a taƙaice ya shige. Abin da na gani nasa duka shi ne bakin farar riga da takalmi, jan sau-ciki na fata, an yi wa na dama faci da baƙar fata a wajen babban yatsa. Shi ma na tabbata abin da ya gani nawa bai wuce tsakiyar sumata ba.

Mahaifina ya rasu tun ina firamare, saboda haka ƙaninsa, Baffa Isa, shi ne a kan maganar. Manya sun je, an kai gaisuwa, an karɓa da mutunci, saura sa rana. Daga nan sai magana ta kwanta. Duk lokacin da na je wurin Baffa na yi ta kewaye-kewaye (ni da nake zagin kewaye-kewaye) har na kai ga tambayar yaushe, amsarsa ɗaya ce: a bari ruwa ya sauka. Ni kuwa na kasa gane abin da ya haɗa aurena da damina, sai ka ce gero za a shuka.

Ana haka sai na ji ƙishin-ƙishin cewa wani ɗan'uwansu Dije, mai fataucin shanu zuwa Kudu, ya fara yawan zuwa gaishe da goggo, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Barci ya ƙaurace mini. Na ce wato ana ce mini in jira ruwa, ruwan kuwa a gonar wani zai sauka. Na auna na ga Baffa tsoho ne mai sanyin jiki, Dije kuma kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba. Wa ya rage? Mai darasi. Na yanke shawarar in tafi Katagum da ƙafata, in sami Alhaji Buba, mu zauna mu yi abin nan da nake koya wa 'ya'yan mutane. Ban gaya wa kowa ba, don na san duk wanda na gaya wa zai hana ni (wannan kaɗai ya isa ya nuna mini wani abu, da ina da hankali).

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Azare, bayan azahar na saka safari mai ruwan toka da sabon baƙin takalmi mai igiya, na nufi tasha. Na sami wata tsohuwar fijo doguwa ta kusa cika da masu komawa gida daga kasuwa, aka cusa ni a kujerar tsakiya. A damana Oga Sande ne, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran keke, wanda ya daɗe a Azare har ya fi wasunmu karin magana, kuma duk mako yana kai kaya Katagum. A haguna, jikin taga, wani dattijo ne siriri, fari, mai rawani da ɗan gemu, yana jan carbi. Ƙafafunmu duka sun nutse a ƙarƙashin buhun kanwa da ƙullin kaya, gwiwata tana gogar tasa. A baya akwai wata Hajiya da wasu mata biyu.

Na gaishe da dattijon a zaune, har da miƙa masa hannu. Da mota ta kama hanya zafi ya fara dafa mu, jawabin da na haddace don in yi wa Alhaji Buba kuma ya fara yi mini ƙaiƙayi a baki. Na dubi dattijon na ga yana da fuskar masu saurare. Na tambaye shi ko mutumin Katagum ne, ya ce i. Na ce ko ya san wani Alhaji Buba mai shanu. Ya ce Buba suna da yawa a Katagum.

"Wanda 'yarsa Dije take Azare wurin goggonta," na ce.

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi taga ya ce, "Ana dai faɗa."

Da mai hankali ne da ya tsaya a nan. Ni kuwa sai na ɗauka na sami ɗan gari da zai ba ni sirrin mutumina. Na gyara zama na feɗe masa biri har wutsiya: ni ne wane, malamin Turanci, ni ke neman Dije, an kai gaisuwa an karɓa, amma tsohon ya zauna a kan maganar kamar kaza a kan ƙwai. Oga Sande ya yi tari. Na ce ni ban ga laifin tsohon sosai ba, mutanen da ne, ba su san lokaci yana da daraja ba. Oga Sande ya sake yin tari, ya zungure ni a haƙarƙari, na matsa masa don na ɗauka wuri ne ya yi masa kaɗan. Na ce an gaya mini ko sunan yarinyar ba ya iya faɗa, to wane irin uba ne wannan, na tabbata da saniya ce da ya san sunanta da na uwarta da na kakarta.

"Ikon Allah," in ji dattijon.

Na san kai mai karatu ka riga ka gane. Kowa a motar nan ya gane, har direba, ni kaɗai ne malami. Hajiyar baya ta yi wata magana da Fulatanci, dattijon ya ba ta amsa da kalma ɗaya, sai na ji matan suna wani irin tari a cikin mayafi. Fulatancina bai wuce amsa gaisuwa ba, na ɗauka zancen zafi suke yi. (Daga baya na ji cewa izini ta nema ta gaya mini, shi kuma ya ce a bar ni.)

A Sakwa direba ya tsaya zuba wa mota ruwa, na sayi mangwaro ta taga. Na miƙa wa dattijon, ya ce alhamdu lillahi. Na zauna gwiwa da gwiwa da shi ina tsotsa, ruwan yana bin hannuna, a ƙasar da mutum ba ya ko kurɓar ruwa a gaban surukinsa. Oga Sande ya matso ya raɗa mini, "Tica, sha mangwaronka ka yi shiru. Baki shi ke yanka wuya." Na yi dariya na ce masa ai shirun nan shi ya hana mu ci gaba.

Da muka tashi sai na shiga darasi gadan-gadan. Na bayyana wa dattijon abin da zai kai ni Katagum. Na ce Turawa suna da wata magana, talk it over, na fassara masa, na kawo misalin manoma biyu masu rigimar iyakar gona da suka zauna a gindin tsamiya suka kashe wutar ba tare da an je gaban dagaci ba. Har na ce ya maimaita. Ya ce harshensa ya tsufa. Na ce ba a tsufa da neman ilimi. Bawan Allahn nan ya dubi carbinsa ya ce, "Tokitoba." Na ce madalla, da a ajina yake da ya ci maki.

Sai wata dabara ta zo mini. Na ce, "Baba, don Allah ka taimake ni. Ka zama kamar kai ne Alhaji Buba, ni kuma in gwada abin da zan faɗa masa. In akwai gyara ka gyara mini."

Direba ya dube mu ta madubi har motar ta ɗan yi tangal-tangal. Oga Sande ya kifa kai a jikin kujerar gaba. Dattijon ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki da hanci, ya ce, "To. Zan gwada."

Na fara da jawabin da na haddace, wanda na jera dalla-dalla, na farko, na biyu, amma ban yi nisa ba ya zube mini. Da na zo kan Dije sai na manta da tsari, na shiga faɗin abin da ke raina. Na ce Alhaji bai san irin 'yar da Allah ya ba shi ba. Na faɗi yadda ta yi jinyar goggo lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta dawo daga makaranta ta ɗora tukunya, ta yi karatunta a gefen murhu. Na ce duk ranar kasuwar Azare tun da safe take dama fura ta ajiye a ƙwarya mai kyau ko Allah zai sa ya biyo, in ya zo ta laɓe a bayan ƙyaure tana jin muryarsa, in ya tafi ta fito ta duba ko ya sha. Ta taɓa gaya mini cewa in ya kawo tsaraba yakan ce a ba yaran gida, alhali ya san ba wani yaro a gidan sai ita, kuma zanen da ya kawo tun tana aji ɗaya yana nan a ƙasan akwatinta, ta ƙi ɗaurawa don kada ya tsufa. Na ce ni dai ina sonta, in aka ba wani ita ban san yadda zan yi ba.

Dattijon ya juya fuskarsa gaba ɗaya wajen taga, ya daɗe a haka yana goge ido da bakin rawani. Na ɗauka iskar hanya ce. Na tambaye shi ko akwai gyara, ya ce babu.

Mun isa Katagum bayan la'asar. Na roƙe shi ya nuna mini gidan, ya ce in biyo shi, hanyarsa ce. Oga Sande ya riƙo hannuna wai in tsaya in taya shi sauke kaya, na fizge na ce sai na dawo. Muka kama hanya kafaɗa da kafaɗa, kaina a sama, ina ta ƙara masa bayani. Duk inda muka gifta sai mutane su rusuna su ce Alhaji barka da dawowa, su bi ni da kallo. Na ce a raina lalle mutanen garin nan suna girmama malaman makaranta.

Muka iso wani gida mai babban zaure, wasu dattawa suna zaune a kan tabarmi a ciki, suka yi masa sannu da zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ni ma na sunkuya in kwance igiyar nawa. A nan, dab da hancina, na ga jan sau-ciki na fata, na dama da facin baƙar fata a wajen babban yatsa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Na dubi facin nan, na roƙi Allah ya sa masu irin takalmin suna da yawa a Katagum kamar yadda Buba suke da yawa. Na cire takalmina don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Da na ɗago, dattijon ya riga ya shiga ya zauna a kan buzun da ke tsakiya, wanda ba mai zama a kai sai mai gida. Ya sauke rawanin daga bakinsa, ya nuna mini gefen tabarma, ba dariya ba fushi.

"Bismilla, Malam. Ga ka ga Alhaji Buban. Sai a yi tokitobar."

Ni da na yi magana tun daga Azare ban tsaya haɗiyar yawu ba, sai ga shi harshe ya ɗaure. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce ina wuni. Suka amsa. Na sake cewa ina wuni, suka sake amsawa. Sai na ji bakina yana tambayar mai gida, a cikin zaurensa, ko ya zo lafiya, ya kuma baro mutanen gida lafiya. Wani daga cikin dattawan ya tambayi Alhaji baƙon daga ina, Alhaji ya ce abokin tafiya ne, malami ne, ya koya masa Turanci a hanya. Na ce bari in ɗan kama ruwa. Na miƙe da baya da baya, na fita, na sha kwana, na ranta a na kare.

Sai da na yi nisa rairayin Katagum ya tuna mini cewa takalmina yana ƙofar zaure, a jere da nasa. Ƙasa ta sha rana tun safe, kowane taku kamar a kan garwashi, amma ko sarautar garin za a ba ni ba zan koma ba. A tasha na tarar da Oga Sande zaune a kan kayansa. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙafata, sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce ya daɗe yana bin hanyar nan, bai taɓa jin ta yi masa gajarta ba sai yau. Na shige motar da ke komawa Azare na cusa ƙafafuna a ƙarƙashin kujera.

Labari bai ɓata lokaci ba, don direban nan bai bar kowa a tasha bai ba shi ba. Na je gidan goggo, aka ce Dije ba ta nan (da muryarta na ji ta ce a faɗa mini haka). Abokaina masu cewa haka ne suka koma tambayata yaushe zan buɗe ajin dattawa. Na tabbatar aure ya mutu, kuma ni na kashe shi da bakina, wannan kuwa ya fi kunyar ciwo. Na rame, na daina taje suma, a aji na tsallake darasin nan na koma kan tilo da jam'i.

Sai Baffa Isa ya aiko in zo. Na same shi a zaurensa, ga takalmina a gabansa an goge shi tas. Ya bar ni a tsugune har ƙafata ta mutu, sannan ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa aka ce a bari ruwa ya sauka. Na ce a'a. Ya ce Alhaji Buba ba shi da bakin magana a auren 'yar fari, ko ranar ɗaurin aure ba zai zauna a wurin ba. Wansa ne waliyyi, shi zai sa rana, shi kuwa ya tafi da shanu Kudu neman kiwo, ba ya dawowa sai ciyawa ta fito. Mai fataucin shanun nan ma saƙon waliyyin yake kawo wa goggo. Wato na wanke ƙafa na je in tattauna da mutum ɗaya tilo a duniya wanda ba zai iya ce mini komai a kan maganar ba.

Na ce to me ya sa ba a gaya mini ba. Baffa ya ce, "Ka taɓa tambayar dalili? Kullum yaushe kake cewa."

Ya ce ya ɗauki goro da dattawa biyu ya je Katagum ban haƙuri, yana tafe yana shirin a mayar masa da kayanmu. Alhaji ya saurare su har suka gama, ya ce shi bai san wata magana ba, wani malami dai ya manta takalmi a ƙofarsa. Sai da suka miƙe za su tafi ya rako su waje, ya ja Baffa gefe, ya yi magana yana duban wani wuri. Baffa ya gyara murya ya maimaita mini ita yadda aka faɗa masa.

"Yaronku ba shi da kunya, wannan gaskiya ne. Amma tun daga Azare har Katagum ni kaɗai ya zaga. Waccan ta Azare kuwa, tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa zama ya ba ni labarinta, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Ashe furar nan ita ke damawa. In Yaya ya dawo a sa rana."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan takalmin. Baffa ya ce in ɗauke abina in ba shi wuri, kuma in na kuskura na sake taka Katagum ba da saninsa ba, shi da kansa zai je ya ce a ba mai shanun.

Ruwa ya sauka, waliyyi ya dawo, aka sa rana, aka ɗaura. Dije ta daɗe ba ta yafe mini zancen furar ba, ta ce na tona mata asiri, da wane ido za ta sake ajiye ƙwaryar. Amma ta ci gaba da damawa duk ranar kasuwa tana aikawa gidan goggo, ƙwaryar kuma tana dawowa ba ko kurɓi a ciki. Ni da Alhaji kuwa, har Allah ya karɓi ransa ba mu sake yin maganar da ta wuce gaisuwa ba. In na hango shi sai in zube in kafa ido a kan takalminsa, ya amsa ya wuce. Sai dai goggo ta ce in zai koma yakan tsaya a ƙofa ya ce a gaishe da Tokitoba da mutanen gidansa.

Na ci gaba da koyar da darasin har na yi ritaya, da layinsa biyu a ƙasa kamar da. Abin da na ƙara kawai, nakan gaya wa yara cewa abin nan mutum biyu ke yin sa, in kai kaɗai kake zuba tun daga Azare har Katagum, to surutu kake yi. Kuma kafin ka buɗe baki a motar haya, ɗaga buhun kanwa ka dubi takalmin na kusa da kai.